Guguwar Apia: Wa Zai Fara Ɗaga Anga?

Ranar Juma'a 15 ga Maris, 1889, wajen ƙarfe biyu na rana, ma'aunin nauyin iska a tashar jiragen ruwa ta Apia ya sauka zuwa inci 29.11. Duk wanda ya taɓa tuƙin jirgi a kudancin tekun Fasifik ya san fassarar wannan adadi: mahaukaciyar guguwa na tafe, kuma ba ta da nisa. Ya kuma san abin da ake yi idan an ga haka. A hura wutar injin, a ɗaga anga, a fita tsakiyar teku inda jirgi zai samu filin kokawa da iska, babu dutse a bayansa. Jiragen yaƙi bakwai ne a tashar ran nan, kowanne da ma'auninsa, kowanne da kyaftin ɗin da ya kwana ya tashi a kan ruwa. Ko ɗaya bai motsa ba.

Apia ita ce babban garin tsibirin Upolu, ɗaya daga cikin tsibiran Samoa. Abin da ya tara waɗannan jirage a wannan ɗan lungu na duniya kuwa kwakwa ce. Tun 1857 kamfanin Godeffroy na birnin Hamburg ya kafa rumfa a Apia yana sayen man kwakwa, daga baya busasshiyar kwakwa, har Jamusawa suka mallaki manyan gonaki a tsibirin. Amurka ta ƙulla yarjejeniya a 1878 don ta samu wurin ajiye kwal ga jiragenta a Pago Pago. Ingila tana da 'yan mishan da 'yan kasuwa, ga kuma mutanen Niyuzilan suna matsa mata lamba kada ta bari wani ya riga ta. Su Samoawa suna da nasu gidajen sarauta masu gasa da juna, sai kowane baƙo ya zaɓi gidan da zai tsaya wa.

A 1887 Jamusawa suka tuɓe Sarki Malietoa Laupepa, suka sa shi a jirgi, suka kai shi Kamaru, wadda ba su daɗe da kamawa ba, daga nan Jamus, daga nan tsibirin Jaluit. Suka naɗa wani basarake, Tamasese, a gurbinsa, suka ajiye wani Bajamushe mai suna Brandeis a gefensa yana juya akalar mulki yana karɓar haraji. Jama'a suka ƙi. Suka taru a bayan wani basarake, Mata'afa Iosefo, yaƙi ya tashi. Ranar 18 ga Disamba, 1888, sojojin ruwan Jamus suka sauka da dare kusa da gonar Vailele don su ƙwace makaman mutanen Mata'afa, aka yi musu kwanton ɓauna, aka kashe kimanin 16, wasu aka sare kawunansu bisa al'adar yaƙin ƙasar. Ƙaramin jakadan Jamus a Apia, Knappe, ya fusata ya shelanta dokar soja har a kan Turawan da ba Jamusawa ba. Jaridun Amurka suka ɗauki zafi, majalisarsu ta ware kuɗi, aka turo jirage.

Ga yadda aka jeru. Jamus tana da uku: Olga, Adler da ƙaraminsu Eber. Amurka ma uku: Nipsic, Vandalia da Trenton, wanda ya iso kwanaki kaɗan kafin guguwar ɗauke da Admiral Lewis Kimberly. Ingila ta aiko ɗaya tak, Calliope, ƙarƙashin Kyaftin Henry Kane, wai ya zuba ido. Ban da waɗannan akwai jiragen 'yan kasuwa shida.

Tashar Apia kamar tulu take mai faɗin baki, bakin yana kallon arewa, gefunansa duka dutsen murjani ne mai kaifi wanda ruwa ke rufewa. Idan iska ta taso daga arewa, raƙuman ruwa kan shigo kai tsaye babu abin da ya tare su, kuma duk abin da ke cikin tulun sai ya bugi gindinsa. Manyan jirage huɗu ne za su zauna a ciki a sake. An cusa goma sha uku. Akwai kuma wata matsala da ido ba ya gani: kogin Vaisigano yana zubowa cikin tashar, kuma ruwan saman da aka sha a makonnin baya ya sa shi ambaliya har ya share laka da yashin da anga ke kamawa a ƙarƙashi. A watan Fabrairu wata iska ta riga ta yi gargaɗi, ta fasa jiragen 'yan kasuwa, ta buga Eber da dutse har farfelarsa ta samu rauni.

To me ya hana su fita? An ce wasu mazauna garin da suka san yanayin wurin sun ba da tabbacin cewa lokacin manyan guguwa ya wuce, ruwan sama kawai za a yi. Kwal ma yana da tsada a can, ba a son ƙona shi a banza. Waɗannan duk dalilai ne, amma ba su isa su riƙe kyaftin bakwai ba. Abin da ya riƙe su shi ne kallon juna. Kimberly ba zai fita ya bar wa Jamusawa gari ba. Jamusawa ba za su fita su bar Amurkawa da Mata'afa su kwana a Apia ba. Kane, wanda aka aiko ya sa ido, ba shi da abin da zai sa wa ido a tsakiyar teku. Sai kowa ya sauke sandunan filafilai na sama, ya ƙara anga, ya hura wuta, ya zauna jiran wani ya fara.

Da dare iska ta juya ta koma arewa maso gabas. Kafin tsakar dare ta zama abin da ma'auni ya faɗa. Ruwan sama yana sauka a kwance, duhu ya rufe, jirage suna jan angarsu a kan dandaryar dutse suna karo da juna. Duk injin da ke tashar yana aiki ne don jirgi ya tsaya inda yake kawai.

Eber ne ya fara tafiya, tun kafin gari ya waye ranar Asabar 16 ga wata. Da raunanniyar farfelarsa bai iya riƙe kansa ba. Ya bugi dutsen, ruwa ya janye shi, ya sake buga shi, sai ya kife ya shige ƙarƙashin leɓen dutsen, wanda ruwa ya rarake ta ƙasa. Cikin ɗan lokaci babu alamar an taɓa yin jirgi a wurin. Mutum fiye da 70 suka tafi da shi. Huɗu kacal ruwa ya tofo da rai.

Da gari ya waye mutanen da suka taru a bakin gaɓa suka ga sauran. Nipsic ya rasa bututun hayaƙinsa a karon da ya yi da Olga, hayaƙi da tartsatsi suna bin bene. Kwamandansa, Mullan, ya ga babu riba a jira, ya nufi wani ɗan yashi kusa da bakin kogi ya dasa jirgin a kai da gangan. Dabara ce mai kyau, mutanen da ya rasa ma galibi wajen sauke ƙaramin kwalekwale suka halaka. A nan ne Samoawa suka fara shiga ruwa. Suka riƙe hannun juna suka yi sarƙa, na gaba yana cikin kumfar da ke iya karya ƙashin mutum, suna cafko waɗanda ruwa ya kwaso, suna karɓar igiya daga jirgi suna ɗaurewa a tudu.

Kyaftin Fritze na Adler ya yi wani abu da sai mai sanyin zuciya. Ya ga abin da ya sami Eber, ya gane cewa idan sarƙar anga ta riƙe shi a gefen dutsen, ƙarƙashi zai shige. Ya jira har wani ƙaton raƙumin ruwa ya taso, daidai lokacin ya sa aka saki sarƙoƙin duka. Ruwan ya ɗaga jirgin ɗungurungum, ya ɗora shi a saman falalen dutsen, ya kwantar da shi a gefe guda da karyayyen baya. Mutum 20 suka mutu, sauran suka maƙale a jikin gangar jirgin, ruwa yana dukansu yini da kwana.

Saura Calliope, Vandalia, Olga da Trenton. Calliope sabon jirgi ne, an sake shi a ruwa a Portsmouth a 1884, gangar jikinsa ƙarfe, injinsa mai ƙarfin doki kusan dubu huɗu, kuma rumbunsa cike da kwal mai kyau na Westport da aka ɗauko a Niyuzilan. Duk da haka wajen ƙarfe tara na safe sarƙar anga ɗaya ta rage masa. Vandalia na gabansa, Olga na gefensa, ya riga ya yi karo da su biyun, dutse kuma yana bayansa da tazarar da ba ta fi ƙafa ashirin ba. Idan ya tsaya, ko dai ya niƙe Vandalia ko dutse ya niƙe shi. Sai Kane ya yanke shawarar yin abin da ya kamata a yi tun jiya, a lokacin da ya fi kowane lokaci wuya. Ya aika wa babban injiniyansa, Bourke, cewa a ba shi duk tururin da tukwane za su iya bayarwa, ya sa aka saki sarƙar ƙarshe.

Ƙarfin da injin ke bayarwa a lokacin, da a ruwa mai kwanciya ne, zai kai jirgin gudun mil 15 na teku a awa. A gaban wannan iska, mil ɗaya yake yi da ƙyar. Mutum goma ne a kan sitiyari, wasu kuma a ƙasa suna jan igiyoyin taimako. A cikin ɗakin wuta masu zuba kwal suna faɗuwa suna tashi, jirgi yana miƙewa tsaye yana nutsa hanci. A bakin tashar kuma ga Trenton ya tare hanya: ruwa ya karya abin juya shi, ya kwararo ta ramukan sarƙar anga ya kashe wutar injinsa, mutanensa suna ta famfo da hannu. Tsakaninsa da dutse wata 'yar kafa ce. Ta nan Kane ya bi, yana gogar mutuwa dama da hagu. Sa'ad da Calliope ke wucewa dab da su, mutanen Trenton, waɗanda ba su da tabbacin ganin magariba, suka bar abin da suke yi suka ɗaga murya suka yi masa shewa, Admiral Kimberly na cikinsu. Daga nan ruwan sama ya haɗiye jirgin Ingilan, ba a sake ganinsa ba sai bayan kwana uku.

Vandalia ya yi ƙoƙarin bin sawun Nipsic zuwa yashi, bai kai ba. Ya bugi dutse ya nutse kusa da gaɓa, kusa ƙwarai har ana ganin fuskokin mutane, amma tsakaninsa da tudu ambaliyar Vaisigano ce ke gudu kamar an kore ta. Kyaftinsa, Schoonmaker, wanda ya riga ya ji rauni, ruwa ya share shi daga bene. Sauran suka hau dogayen sanduna da igiyoyin jirgin da suka rage a sama da ruwa, suka rataye a can tun hantsi. Wanda hannunsa ya gaji ya saki. Samoawa sun yi ta gwada kai musu igiya, ruwa yana mayar da su. Mutum 43 jirgin ya rasa.

Trenton ya yi ta ja da baya yini guda. Da babu injin babu filafili, sai aka tura ɗaruruwan mutane suka hau igiyoyin sandar baya suka cunkushe, jikinsu ya zama abin da iska ke turawa, don a ɗan karkata jirgin daga dutse. Ya yi karo da Olga, wanda kyaftinsa ya ga ya isa haka, ya saki anga ya kai jirginsa kan laka mai taushi, bai rasa ko mutum ɗaya ba. Bayan duhu ya yi, Trenton ya zo ya jingina da gawar Vandalia. Waɗanda ke rataye sun ɗauka ƙarshensu ke nan, ashe tsira ce ta zo: aka jefa musu igiyoyi, da yawa suka tsallaka zuwa benen Trenton. Cikin mutum fiye da 400 da ke jirgin Admiral, ɗaya ne ya mutu.

Da asubar Lahadi iska ta fara sassautawa. Seumanutafa, basaraken Apia, ya tara mutanensa suka tura kwalekwale cikin ruwan da har yanzu bai kwanta ba, suka kai igiya Trenton, aka fara sauke mutane. Aka kuma je aka kwaso na kan Adler. Jimillar matattu ta doshi 150, Jamusawa fiye da 90, Amurkawa kimanin 50. Jiragen 'yan kasuwan nan shida babu wanda ya tsira. Calliope ya dawo ranar 19 ga wata ya tarar shi kaɗai ne jirgin da ke kan ruwa a Apia.

Littattafan sojan ruwa sun fi son labarin Calliope, kuma ba laifi, Kane da masu zuba masa kwal sun yi aikin maza. An yi musu gagarumar tarba a Sidni, kamfanin kwal na Westport ya daɗe yana tallar hajarsa da sunan jirgin. Ni dai inda hankalina ya fi tsayawa shi ne bakin gaɓa. Mutanen da suka shiga ruwan nan da yawansu mayaƙan Mata'afa ne. Wata uku kacal da suka wuce suna harbin juna da waɗannan sojoji na Jamus, jiragen nan kuma sun yi ta jefa wa ƙauyukansu harsasan igwa. Ranar Asabar ɗin, abokin gaba yana kwance a kan dutse, babu bindiga, babu jirgi, garin kuma a buɗe. Knappe da kansa ya ji tsoron za a kai musu farmaki. Abin da ya ji tsoro bai faru ba. Mata'afa ya turo ɗaruruwan mutanensa su taimaka, kuma ba su tsaya tambayar wanda ke nutsewa tutar wa yake bi ba.

Marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ya iso Samoa a watan Disamba na shekarar, ya ga gawarwakin jiragen da idonsa, ya kuma zauna a tsibirin har rasuwarsa a 1894, ya ba da labarin a littafinsa A Footnote to History na 1892. A ciki ya ce jakadan Jamus ya biya dala uku a kan kowane Bajamushe da aka ceto. Wani Basamoe da ya fitar da uku ya ƙi karɓa, ya ce ya bar wa jakadan su ukun kyauta. Gwamnatin Amurka ta fi sakin hannu, ta aiko da agoguna da kuɗi da wasu kyaututtuka.

Babu wayar tangaraho a Samoa a lokacin, sai da aka kai labarin birnin Okland na Niyuzilan ta jirgi, don haka kusan mako biyu Barlin da Washintan suna lissafi da jiragen da ba su da su. An saba cewa guguwar ce ta hana yaƙi tsakanin Jamus da Amurka. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ta yi wa iska kwalliyar da ba tata ba. Tun kafin Maris, shugaban gwamnatin Jamus, Bismarck, ya riga ya tsawata wa jakadansa, ya kuma gayyaci Amurka da Ingila zaman sulhu, don ba shi da niyyar yaƙi da kowa a kan kwakwa. Abin da guguwar ta yi shi ne ta kwashe bindigogin da wani mai zafin kai zai iya harbawa bisa kuskure, ta kuma sanyaya bakin jaridu. Olga da Nipsic an tayar da su an gyara. Eber, Adler, Vandalia da Trenton sun tafi ke nan. Ƙarafan Adler sun fi rabin ƙarni a kwance kan dutsen, yaran Apia suna wasa a kai, kafin a cike wurin da ƙasa.

An zauna a Barlin daga 29 ga Afrilu, aka sa hannu ranar 14 ga Yuni, 1889, a birnin da aka yi taron rabon Afirka shekara huɗu kafin nan. Babu Basamoe ko ɗaya a teburin. Aka mayar da Laupepa kan sarauta, aka ce ƙasashen uku za su riƙa kula da tsibiran tare. Mata'afa, wanda jama'a suka fi so, wanda kuma mutanensa suka ceci sojojin ɓangarorin biyu, aka tsallake shi saboda Jamus ba ta manta da Vailele ba. Bayan 'yan shekaru shi ma aka kai shi Jaluit.

Mulkin mutum uku bai yi ƙarko ba. Laupepa ya rasu a 1898, rikicin gado ya sake tashi, a 1899 jiragen Amurka da Ingila suka yi ta harba igwa a kewayen Apia. A ƙarshen shekarar aka raba ƙasar. Jamus ta ɗauki Upolu da Savai'i, Amurka ta ɗauki Tutuila da tashar Pago Pago, wadda ke hannunta har yau. Rabon Jamus ya faɗa hannun Niyuzilan a 1914, ya samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1962.

Ingila ta janye daga Samoa, amma ba a banza ba. A yarjejeniyar da ta ƙulla da Jamus ranar 14 ga Nuwamba, 1899, an biya ta da Tonga, da wasu tsibiran Solomon, da janyewar Jamus daga wasu haƙƙoƙinta a Zanzibar. Akwai kuma wani sashe da ya shafi wata ƙasa mai nisan dubban mil daga Fasifik. Tun 1888 ƙasashen biyu suka keɓe wani yanki a bayan Gwalkwas da Togo suka ce ba na kowa ba ne, yankin da ya haɗa da Salaga, kasuwar goron Gwanja da fataken Kano da Katsina suka yi ƙarnuka suna zuwa da jakuna, da kuma Yendi, fadar sarkin Dagomba. A takardar da ta warware rigimar Samoa aka tsaga wannan yanki, aka bi kogin Daka aka ja iyaka. Salaga ta faɗa wa Ingila, Yendi ta faɗa wa Jamus, ƙasar Dagomba ta rabu biyu. Zangon Hausawa na Kete-Krachi, inda malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya koma bayan ya bar Salaga, yana ɓangaren Jamus, kuma a nan ya zauna har yaƙin 1914 ya kori Jamusawa daga Togo.